Mece ce "Super League"? Ma'anarta daga kakar Newcastle Knights ta 1997

Duk mai zama a gidan kallon ƙwallo zai tuna watan Afrilun 2021, lokacin da manyan ƙungiyoyin Turai 12, ciki har da Real Madrid da Barcelona da Juventus da Manchester United da Liverpool da Arsenal da Chelsea, suka sanar cewa za su kafa wata gasa tasu ta kansu mai suna "Super League". Magoya baya suka fito kan titi, kuma cikin kwana biyu ƙungiyoyin Ingila shida suka janye. Tun daga lokacin sunan ya shiga bakin masu sharhin wasanni, kuma mutane da yawa sun ɗauka ranar aka ƙirƙiro shi. Alhali shekara 26 kafin nan an riga an gwabza a kan wannan suna a Ostireliya, a fagen wasan zari-ruga, kuma can ba a tsaya ga barazana ba: an raba gasar gida biyu, an buga kaka guda cur a rabe.

In za a fassara kalmomin biyu kai tsaye, ma'anarsu "babbar gasa" ko "gasar zaratan ƙungiyoyi". Akwai ƙasashen da babbar gasarsu ta yau da kullum ke amsa wannan suna ba tare da wata rigima ba. Amma idan ka ji ana ambatonsa da ɗaga murya, abin da ake nufi shi ne gasar 'yan aware: wasu ƙungiyoyi masu ƙarfi su ɓalle daga hukumar da ke gudanar da wasan, wani mai kuɗi ya tsaya musu, su zaɓi waɗanda za su shiga, su bar ƙananan a waje. Kuma kusan kullum, idan ka bi diddigin kuɗin, a gidan talabijin za ka tsinci kanka.

Sai an ɗan san wasan kafin a gane rigimar. Zari-ruga iri biyu ne. Akwai mai 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, wanda ake kira Rugby Union, akwai kuma mai 'yan wasa 13, wato Rugby League, kuma wannan na biyun muke magana a kai. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama shida. Duk sanda aka kayar da mai ƙwallon, dama ɗaya ta tafi, in shidan suka ƙare ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya dangwala ƙwallo a bayan layin abokan hamayya ya ci maki 4, bugun da ke biyo baya kuma maki 2. Shi kansa wannan wasa ɗan aware ne tun asalinsa. A 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila suka haɗu a garin Huddersfield suka ɓalle, saboda 'yan wasansu ma'aikatan masaƙa ne da ramin kwal, kuma hukumar lokacin ta hana a biya su kuɗin ranar aikin da suka rasa domin wasa. A 1908 aka fara gasar a Sydney. Shi ya sa har gobe ake kallonsa a matsayin wasan masu cin abinci da guminsu.

A 1995 hukumar wasan ta Ostireliya, ARL, ƙarƙashin Ken Arthurson da John Quayle, tana da ƙungiyoyi 20, kuma fiye da rabinsu a cikin Sydney da kewayenta suke. A daidai lokacin talabijin na biya ke shigowa ƙasar. Haƙƙin nuna wasan yana hannun attajiri Kerry Packer, mai tashar Channel Nine, wanda ke tare da kamfanin Optus Vision. Shi kuwa Rupert Murdoch, mai kamfanin News Limited, yana shirin buɗe tashar talabijin ta biya mai suna Foxtel, kuma ya san a jihohin New South Wales da Queensland babu abin da zai sa magidanci ya biya kuɗin wata kamar zari-ruga. Da ya nemi shiga ta ƙofa aka rufe masa, sai kamfaninsa ya yanke shawarar kafa tasa gasar, da John Ribot, tsohon shugaban gudanarwa na Brisbane Broncos, a gaba.

A farkon Afrilun 1995 wakilan News suka bazama suna sa 'yan wasa da masu horarwa hannu a takarda, wasu cikin dare bayan an tashi wasa, da albashin da ya ninka wanda suke karɓa. ARL ta mayar da martani da nata kuɗin, na Packer da Optus. Cikin 'yan makonni abokan wasa suka rabu, wasu suka daina gaisawa. Ƙungiyoyi takwas suka bi Murdoch: Brisbane da Canberra da Canterbury da Cronulla da Penrith da Auckland da North Queensland da Western Reds ta Perth. Magana ta je kotu, domin ARL ta riga ta sa ƙungiyoyin hannu a yarjejeniyar biyayya ta shekara biyar. A Fabrairun 1996 Mai shari'a James Burchett ya ba ARL gaskiya. A Oktoban shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncinsa. Haka aka shiga 1997 da gasa biyu, ARL da ƙungiyoyi 12, Super League da 10.

A nan Newcastle ta shigo labarin. Ba Newcastle ta Ingila ba, wadda masu kallon Firimiya suka sani. Wannan gari ne a bakin teku, kimanin kilomita 160 arewa da Sydney, a bakin kogin Hunter, garin kwal da ƙarfe. Ƙungiyarsa, Knights, a 1988 ta shiga gasar, ba ta da arziki, ba ta taɓa cin kofi ba, amma filinta na cika. Super League ta so ta ƙwarai, don wanda ya samu Newcastle ya samu yanki guda sukutum. Abin da mutanen garin ba sa mantawa shi ne yadda kyaftin ɗinsu Paul Harragon, wanda suke kira "Chief", ya ɗebi abokan wasansa a ƙaramar bas, shi da kansa a kan sitiyari, ya kai su Sydney su saurari ARL. Yawancinsu suka sa hannu a can, ƙungiyar ta zauna a gidanta na da.

Da Super League ta rasa Knights sai ta ƙirƙiro wata ƙungiyar a cikin garin, Hunter Mariners. Wannan ne wurin da ma'anar kalmar ta fito fili fiye da ko'ina. Mariners tana da kuɗi, tana da ƙwararren mai horarwa, Graham Murray, tana da matasan 'yan wasa masu kyau irin su Brett Kimmorley da Scott Hill. Abin da ba ta da shi mutane ne. Garin ya juya mata baya, ana yi wa 'yan wasanta kallon 'yan koren baƙo, alhali da yawansu neman abinci ne ya kai su. Ina tausaya musu, domin a fili sun yi abin a yaba, har suka kai wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyin duniya ta Super League a shekarar, inda Brisbane ta doke su. Kaka ɗaya tak suka buga aka rufe ƙungiyar.

Ana tsakiyar wannan kaka, a ƙarshen Afrilun 1997, kamfanin BHP ya sanar cewa zai rufe masana'antar ƙarfen Newcastle, wadda ke aiki tun 1915 kuma dubban gidaje ke ci daga gare ta. Garin da bai daɗe da farfaɗowa daga girgizar ƙasar 1989 ba, ga shi an ce masa uwar masana'antarsa za ta tafi. Wanda ya san abin da rufe masaƙun Kaduna da Kano ya yi wa unguwannin ma'aikata ba sai an yi masa dogon bayani ba. A irin wannan hali ƙungiyar gari takan zama abin da ya rage wa mutane su ce namu ne.

Knights, ƙarƙashin mai horarwa ɗan Ingila Malcolm Reilly, ta gama kakar a matsayi na biyu, bayan Manly. Su biyun suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, ranar 28 ga Satumba, 1997, a Sydney Football Stadium, gaban 'yan kallo sama da 42,000. Manly ce mai riƙe da kofin, kuma ta doke Newcastle sau 11 a jere kafin ranar. Ga shi kuma Andrew Johns, matashin da ke juya wasan Knights, bai daɗe da fitowa daga asibiti ba saboda raunin haƙarƙari da huhu. An tafi hutun rabin lokaci Manly na gaba da 16 da 8. Bayan an dawo Newcastle ta dinga cin ƙasa sannu a hankali, har Robbie O'Davis ya dangwala ƙwallonsa ta biyu aka yi kunnen doki, 16 da 16. Matthew Johns, yayan Andrew, ya gwada bugun maki ɗaya, wato a buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin ƙarafan gola ana cikin wasa, ƙwallo ta daki ƙarfe ta dawo. Saura ƙasa da minti guda, kowa a filin ya ɗauka za a sake gwada bugun, 'yan Manly ma can suka karkata. Sai Andrew ya ɗauki ƙwallo ya bi ta ɗan siririn gefen da ba a tsammani, ya ja masu tsaro zuwa kansa, ya miƙa wa Darren Albert da ke tahowa ta ciki. Albert ya ratsa ya dangwala, saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi. Aka tashi 22 da 16. A daren nan mutanen Newcastle suka fito bakin hanya suna jiran bas ɗin 'yan wasansu ta iso gida.

To amma ga tambayar da rabuwar gasa kan bari a baya: wa ya ci kofin 1997? Kwana takwas kafin nan Brisbane Broncos ta doke Cronulla 26 da 8 a wasan ƙarshe na Super League, gaban mutane kusan 59,000. Broncos da Knights ba su haɗu ba a shekarar. Har yau akwai masu cewa kofin Newcastle rabin kofi ne tunda Brisbane da Canberra ba sa cikin gasar, kuma 'yan Newcastle kan mayar musu da cewa Brisbane ma ba ta kara da Manly ba. A ganina duka biyun kofuna ne na gaskiya, 'yan wasan ba su suka raba gasar ba, sun doke wanda aka sa a gabansu. Amma ba zan ɓoye cewa an tauye wa kowannensu wani abu ba, kuma an tauye wa 'yan kallo fiye da kowa, domin wasan da aka fi son gani ba a taɓa buga shi ba.

Adalci ne a ce masu Super League ba su rasa hujja ba. Ƙungiyoyi sun yi yawa a Sydney, wasu na fama da bashi, kuma 'yan wasan da ke karya ƙashinsu kowane mako ba sa samun rabon da ya dace daga kuɗin da ake yi da su. Alƙalin bidiyo, wanda yanzu ya zama jiki a wasan, su suka kawo shi. A Ingila kuwa, inda hukumar wasan da kanta ta karɓi tayin Murdoch na fam miliyan 87, gasar ta koma lokacin bazara a 1996, kuma har yau Super League ake kiranta. Can hukuma da mai kuɗi hannunsu ɗaya, shi ya sa sunan bai zama zagi ba, ko da yake shirin haɗe tsoffin ƙungiyoyi da aka zo da shi ya gamu da fushin magoya baya har aka watsar.

A Ostireliya kaka guda ta isa ta nuna wa ɓangarorin biyu cewa ba za su iya ba. 'Yan kallo sun ragu, albashi ya haura abin da ƙungiyoyi ke iya biya, kuɗi na zuba kamar ruwa a kwando. A Disamban 1997 aka yi sulhu, aka kafa gasa guda ɗaya mai suna NRL, mallakar haɗin gwiwa tsakanin ARL da News Limited, da sharaɗin rage ƙungiyoyi zuwa 14 kafin shekarar 2000. Masu biyan farashin sulhun su ne waɗanda ba su da baki a teburin. Mariners da Perth da South Queensland Crushers suka tafi a ƙarshen 1997, Adelaide da Gold Coast suka bi su bayan shekara guda. St George ta haɗe da Illawarra, Balmain da Western Suburbs suka zama Wests Tigers, North Sydney da Manly suka yi wani auren dole da bai daɗe ba, wanda ya bar North Sydney, ƙungiyar da aka kafa tun 1908, a wajen babbar gasa. South Sydney, wadda ta fi kowa yawan kofuna, an cire ta a ƙarshen 1999. Magoya bayanta suka cika titunan Sydney da zanga-zanga, suka bi kotu, sai a 2002 ta dawo.

News Limited ta ci gaba da riƙe rabin gasar har 2012, lokacin da aka miƙa ta ga hukuma mai zaman kanta. Masana'antar ƙarfen Newcastle an rufe ta a 1999 kamar yadda aka ce. Knights kuwa ta sake cin kofi a 2001, a gasar da ta haɗa kowa da kowa, ta doke Parramatta 30 da 24, Andrew Johns na kyaftin.