Kuɗin talla da ribar shago: amsoshi ga 'yan kasuwar Zariya

Tambayoyin nan su ake ta maimaita mini daga Sabon Gari har Samaru. A karanta kafin a sake turowa.

Mutum dubu biyar sun ga hoton kayana a Facebook, talla ta ci ke nan?

A'a, Malam. Mutum nawa ne suka biya? Wannan za ka ƙirga.

Rediyo ya fi ko waya?

Ya danganta da inda masu sayen kayanka suke. Mai sayar da taki da iri, wanda manoman Giwa da Soba ke zuwa wurinsa, rediyo ya fi masa. Mai harka da ɗaliban ABU ya riƙe WhatsApp da TikTok.

Nawa zan ware wa talla a wata?

Nan kam sai an zauna da biro da takarda, don babu adadi ɗaya da zai dace da kowa. Lissafin daga riba ake fara shi, ba daga ciniki ba. A ce atamfa kake sarowa daga Kantin Kwari, bayan ka cire kuɗin sari da na mota ribarka naira 2,000 ce a turmi. Idan ka kashe 30,000 a talla, sai ka sayar da turmi 15, ƙari a kan abin da ka saba sayarwa, kafin kuɗin tallar kawai su dawo. In kuma ka haɗa da ragin naira 500 don jawo mutane, riba ta koma 1,500, turmi 20 kake nema. Wannan wurin ne mutane suka fi mantawa.

Sai dai lissafin wata ɗaya yana iya yaudararka. Hajiyar da ta sayi turmi ɗaya yau, in ta ji daɗin hulɗa, wataƙila ita za ta dawo da ankon biki gaba ɗaya. Saboda haka a duba wata uku kafin a yanke hukunci, in jari zai iya jurewa. Wanda ya ɗauka bashi kuma kada ka sa shi a lissafi sai ya biya.

Lokaci ma yana canja komai. Shagon Samaru da ke dogara da ɗalibai, in jami'a tana hutu ko yajin aiki, ya rage talla. Mai kayan sallah ya fara tun kafin azumi, domin teloli suna daina karɓar ɗinki da wuri. Ni dai shawarata a fara da kaɗan, daga riba. Kada a taɓa uwar kuɗi.

Yaya zan san wace talla ce ta kawo mutum?

Tambaye shi mana! "A ina kika ji mu?" Ka rubuta amsar kusa da cinikin a littafi.

In ɗan ƙara gishiri a talla fa?

Kul! Ka gyara launin shadda a hoto, kaya ya isa hannu ba haka yake ba, ka yi asarar kuɗin aike da na dawowa, da mai sayen, da duk wanda za ta faɗa wa.

Na yi talla sati guda, shiru. In daina?

Kwantar da hankalinki, Hajiya, sati guda bai isa ba. Amma duba abu uku tukuna: kin sa farashi a jikin hoton? Kayan da kika tallata yana shago? Wa ke riƙe da wayar? Sau da yawa saƙon mai saye yana nan tun safe, yaron shago bai buɗe ba sai bayan isha'i, shi kuwa ya riga ya saya a wani wuri.