Ma'anar PREN, lambar da ake auna juriyar sitenles da ita a ruwan teku

Ƙarfen sitenles ba ya tsatsa ne saboda kuromiyam ɗin da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Kuromiyam na haɗuwa da oksijin ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, ita ke tsare ƙarfen. Ruwan teku kuwa yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma kuloraid ɗin gishirin nan ne ke huda fatar. Sai ka ga bututu yana ƙyalli, da ɗigo kamar bakin allura, alhali ƙarƙashinsa rami ya yi nisa. Ruwan da ya maƙale a ramin yana komawa asid, cin ya ƙara sauri.

PREN, wato Pitting Resistance Equivalent Number da Turanci, lamba ce ta ƙiyasta juriyar ƙarfe ga wannan cin. Lissafinta: kason kuromiyam, a ƙara na molibdenam sau 3.3, a ƙara na naitirojin sau 16. Samfurin sitenles mai suna 304 PREN ɗinsa yana tsayawa wajen 18 zuwa 20, na 316 wajen 24, na 2205 wajen 35. Abin da zai zauna cikin teku ana nema masa 40 ko fiye, irin su 2507 da 254 SMO. Masu sayen 316 da sunan "ƙarfen teku" su lura: yana jure fesin ruwa, amma in ya nutse cikin ruwa mai kwanciya da ɗumi, yakan ci ta ƙarƙashin gasket (abin toshe mahaɗa don hana yoyo) da noti, inda oksijin ba ya isa.

Saboda tsada, akan lulluɓe ƙarfe mai araha da gamin ƙarafa mai juriya, galibi Inconel 625, wanda akasarinsa nikel ne, yana kuma da molibdenam kashi 8 zuwa 10. Da walda ake shimfiɗa shi, kuma nan matsalar take. Shimfiɗar farko tana narkewa ta gauraya da ƙarfen da ke ƙarƙashinta, juriyarta ta ragu, shi ya sa ake yin biyu, kaurinsu a haɗe wajen milimita 3. Rufin feshi kuma, inda ake fesa gamin maimakon walda, yakan bar ƙananan kofofi. In ba a toshe su ba, ruwa ya ratsa ya ci na ƙasa a ɓoye.

Bayan walda a yi amfani da asid na musamman a cire shuɗin launin da zafi ya bari, domin kuromiyam ya yi ƙaranci ƙarƙashinsa. Kada a goge da buroshin da ya taɓa baƙin ƙarfe, ɓurɓushinsa ke fara tsatsa.