Dokar karnukan titi a Turkiyya: babu wa'adin kwana 30 a cikinta

Har yanzu saƙon nan bai daina yawo a WhatsApp ba, musamman tsakanin ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da ke zaune a Istanbul da Ankara: wai gwamnatin Turkiyya ta yi doka cewa duk karen da aka kama a titi, idan ya kwana 30 a matsugunin dabbobi babu wanda ya ɗauke shi riƙo, allura za a yi masa ya mutu. Wasu masu tausayi har suna cewa gara mutum ya garzaya ya karɓo ko da ɗaya ne kafin wa'adi ya cika. Wannan wa'adi ba ya cikin dokar. An yi maganarsa a jaridu lokacin da ake shirya ƙudurin a 2024, jama'a suka fito zanga-zanga, kuma bai shiga abin da majalisa ta amince da shi ba.

Dokar ita ce mai lamba 7527, wadda majalisar dokokin ƙasar ta zartar ranar 30 ga Yulin 2024 da ƙuri'u 275, yayin da 224 suka ƙi. Gyara ce ga dokar kare dabbobi mai lamba 5199 ta shekarar 2004. A tsohon tsari, ƙaramar hukuma ta kan kama kare, a yi masa aikin hana haihuwa da allurar riga-kafi, a maƙala masa alamar roba a kunne, sannan a mayar da shi unguwar da aka ɗauko shi. Su ne manyan karnukan nan da baƙo kan gani kwance a ƙofar shago ko bakin tashar mota, ga kwanon ruwa da mai shago ya ajiye musu. Sabon tsari ya soke mayarwar. Karen da aka kama zai zauna a matsuguni har sai an sami mai ɗaukarsa. Kyanwa ba ta cikin wannan kame. An cire ta tun ƙudurin yana gaban kwamiti.

Masu goyon bayan dokar ba su rasa hujja ba. Gwamnati ta ƙiyasta karnukan da ba su da masu a kan kusan miliyan 4, ga cizo, ga tsoron ciwon haukan kare, ga yaran da mota ta buge suna gudun karnuka, kamar wata yarinya da ta rasu a Antalya a 2022. Duk wanda garken karnuka ya taɓa tare wa hanya da asuba ba zai raina wannan kuka ba.

To ina batun kisa ya fito? Daga sakin layi guda. Dokar ta ce a cikin karnukan da aka kai matsuguni, akwai waɗanda za a iya kashewa ta hannun likitan dabbobi, bisa tanadin dokar lafiyar dabbobi mai lamba 5996: wanda yake barazana ga rai da lafiyar mutane ko dabbobi kuma aka kasa shawo kan halinsa, wanda ke ɗauke da cuta mai yaɗuwa ko wadda ba ta jin magani, da wanda doka ta hana a ɗauka riƙo. Rashin mai so ba ya cikin dalilan, haka ma tsufa ko daɗewa a keji.

Sai dai a nan ne nake ganin masu fargaba suna da gaskiya, ko da sun kuskure wajen lissafin kwanaki. Wane kare ne "aka kasa shawo kan halinsa"? Karen da ya saba da faɗin titi, aka jefa shi keji ɗaya da wasu goma, dole ya yi gurnani, ya kai cizo. Cuta mai yaɗuwa kuwa, cunkoso ne ke haifar da ita. Lokacin da aka kawo ƙudurin, matsugunai 322 ne a ƙasar, masu ɗaukar karnuka kimanin 105,000. Idan aka kwatanta da karnuka miliyan 4 ɗin nan, kusan kare 40 ke nan ga gurbi ɗaya. Idan wuri ya cika, abinci ya yi kaɗan, kalmomi masu faɗi irin waɗannan suna iya zama ƙofa ga jami'in da ke neman rage wa kansa kaya. Turkawa kuma ba su manta da 1910 ba, lokacin da aka kwashe dubban karnukan Istanbul aka zube su a tsibirin Sivriada, yunwa da ƙishirwa suka ƙarasa su. Shi ya sa 'yan adawa suke kiranta dokar kisan kiyashi.

Hukuncin ɗaurin da ake yawan ambata ma ana juya shi. Ba mai kare ake nufi ba, ba kuma mai zuba wa karnuka abinci ba. Shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli ne. Dole ƙaramar hukuma ta ware kashi 5 cikin 1,000 na kuɗin shigarta domin matsugunai da kula da dabbobin, manyan birane kuma kashi 3 cikin 1,000. Wanda ya ƙi warewa, ko ya karkatar da kuɗin zuwa wani aiki, zai iya shan ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2. Hukumomin da yawan jama'arsu ya haura 25,000 an ba su zuwa 31 ga Disambar 2028 su gina matsugunai ko su gyara waɗanda suke da su.

Abin da ya shafi mai ɗauka kai tsaye shi ne tara. A da, wanda ya yar da dabbarsa a titi lira 2,000 zai biya. Dokar 2024 ta kai ta lira 60,000 a kan kowace dabba. Kuma ba abu ne da za a ɓoye ba, domin kare mai ubangida sai an saka masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da ke haɗe da sunan mai shi a rajistar ma'aikatar gona. Idan aka tsince shi a titi, likita ya ɗora na'urar karantawa a wuyansa, sunanka ne zai fito. Don haka ɗalibin da saura masa zango biyu ya gama, ko ɗan kasuwar da ke haya wata shida ya koma Kano, ya tsaya ya yi tunani kafin tausayi ya kai shi matsuguni. Kare kan rayu fiye da shekara goma. Akwai abinci, akwai kuɗin likita, akwai mai gidan haya da maƙwabta, kuma ranar tafiya ba a buɗe masa ƙofa a ce ya kama gabansa. Sai an nemo wanda zai karɓa, a sauya sunan a rajista.

Wasu nau'o'in kuma ba a bayar da su sam, irin su Pitbull, Dogo Argentino, Fila Brasileiro da Tosa na Japan. Kisan dabbar gida da gangan har yanzu laifi ne mai ɗaurin wata 6 zuwa shekara 4, kamar yadda gyaran 2021 ya tanada. Sabuwar dokar ba ta ba kowa izinin zuba guba a unguwa ba.

Babbar jam'iyyar adawa, CHP, ta kai ƙara Kotun Tsarin Mulki tana neman a soke yawancin sassan dokar, kotun ta yi watsi da ƙarar a watan Mayun 2025. Dokar tana nan daram ke nan, kuma abin da ya kamata masu kishin dabbobin su sa wa ido shi ne kuɗin nan da aka ce a ware da takardun da likitoci ke sa wa hannu a cikin matsugunai.