Waiwaye: Kitsen da ke ɗumama jiki da saƙonnin da yake zubawa cikin jini

Kitse iri biyu ne a jikin mutum da sauran dabbobi masu shayarwa. Akwai fari, wanda kowa ya sani a teɓa da cinya, aikinsa ajiya. Akwai kuma mai ruwan ƙasa, ɗan mitsitsi ne idan aka gwada shi da farin. A jikin jariri yana tsakanin allunan kafaɗa, a jikin babba kuwa yana ɓoye a gindin wuya da gefen ƙashin baya. Shi ba ya ajiya, ƙona mai yake yi don jiki ya yi ɗumi. Abin da ya ja hankalin masana a shekarun baya-bayan nan shi ne, yayin da yake wannan aiki yana fitar da wasu sinadaran furotin da ke taɓa hanta da tsoka da jijiyoyi. To amma kafin a iso nan an sha zagaye.

Conrad Gessner, masanin dabbobi ɗan ƙasar Siwizalan, shi ya fara bayyana shi a 1551. Ya gan shi a jikin marmot, wata dabbar tsaunukan Alps da ke shiga rami ta yi barci har hunturu ya wuce, ya ce abin ba kitse ba ne, ba kuma nama ba. Da yake an fi samunsa a jikin irin waɗannan dabbobi, sai na bayansa suka ɗauka wata gaɓa ce mai tsatso da sinadarin da ke sa dogon barci. An shafe ɗaruruwan shekaru a kan wannan zato ba tare da an kama sinadarin ba.

A 1961 ne Robert Smith a Amurka ya nuna cewa idan ɓera ya daɗe cikin sanyi, wannan kitse ne ke samar masa da zafi. A 1964 Michael Dawkins da David Hull a Oxford suka tabbatar da haka a jikin 'ya'yan zomaye sabbin haihuwa. Daga nan likitocin yara suka fahimci abin da ke riƙe jariri, domin jariri ba ya iya rawar ɗari yadda babba ke yi, da wannan kitse yake dogara, bakwaini kuma nasa bai gama taruwa ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a jinkirta wankan farko da awa 24, shawarar da ta fi nauyi a wajenmu lokacin hunturu, sa'ad da ake ɗokin a wanke yaro tun da asuba.

Yadda zafin ke samuwa kuwa sai tsakanin 1976 da 1978 aka gano, ta hanyar aikin Daniel Ricquier a Faransa da David Nicholls a Birtaniya. Ƙwayoyin wannan kitse cike suke da mitokondiriya, wato sassan da ke sarrafa abinci ya zama ƙarfi, kuma su ne ma ke ba shi launinsa. A cikinsu akwai furotin da ake kira UCP1, wanda ke sa a ƙona mai ba tare da an tara ƙarfin ba. Kamar injin niƙa ne da aka cire wa bel: yana shan mai, yana ɗaukar zafi, amma ba ya niƙa komai. Da aka samu wannan bayani mai gamsarwa, sai aka jingine tsohon zancen tsatso da sinadari. Ko da Silva da Larsen suka nuna a shekarun 1980 cewa kitsen ɓera da ke cikin sanyi yana sarrafa sinadarin gaɓar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, har yana ƙara yawansa a jini, ba a ba abin muhimmanci sosai ba.

Gwaje-gwaje biyu ne suka tayar da ƙura. A 1993 Bradford Lowell da abokan aikinsa a Boston suka samar da ɓerayen da aka lalata musu kitse mai ruwan ƙasa, sai suka yi ƙiba. A 1997 aka samar da wasu da aka bar musu kitsen amma aka cire UCP1 kaɗai. Waɗannan ba sa jure sanyi, amma ba su yi ƙiba ba. Idan zafi ne kaɗai amfanin kitsen, ai da sakamakon ya zo ɗaya. Ga shi kuma a 1994 Jeffrey Friedman ya gano leptin, furotin da farin kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa game da ƙoshi. Tunda fari na magana da sauran jiki, me zai hana mai ruwan ƙasa?

Duk da haka an ci gaba da kallon abin a matsayin harkar ɓeraye da jarirai, har sai da masu ɗaukar hoton ciwon daji da na'urar PET suka riƙa ganin wasu wurare a gindin wuyan manya suna zuƙar sukari, dama da hagu daidai wa daida, musamman idan majinyaci ya ji sanyi. A watan Afrilun 2009 rahotanni uku daga Maastricht a Holland da Boston da Turku a Finland suka fito tare, suka tabbatar manya ma suna da shi kuma yana aiki. Nan da nan kuɗin bincike ya karkato.

Hujja mafi ƙarfi cewa kitsen na aika saƙo ga sauran jiki ta zo ne daga dashe. A 2012 Gunawardana da Piston a Jami'ar Vanderbilt suka dasa wannan kitse a jikin ɓerayen da aka kashe wa ƙwayoyin da ke yin insulin, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, sai sukarinsu ya daidaita alhali insulin ɗin bai dawo ba, sai dai wani furotin, IGF-1, ya ƙaru. A 2013 Kristin Stanford a cibiyar Joslin ta Boston ta dasa ɗan guntun kitsen, kashi ɗaya zuwa huɗu cikin goma na gram, a cikin ɓera. Bayan mako 8 zuwa 12 jikinsa ya fi karɓar sukari. Da aka ɗauko guntun daga ɓeran da ba ya iya yin furotin IL-6, sai amfanin ya ɓace. Ke nan ba zafin guntun ba ne ya yi aikin, abin da yake fitarwa ne.

Daga nan sunaye suka yi ta fitowa, aka haɗa su aka kira su batokin. Ɗakin binciken Francesc Villarroya a Barcelona ya nuna a 2011 cewa sanyi na sa kitsen ya saki furotin FGF21. A 2014 Jiandie Lin a Michigan ya bayyana Nrg4, wanda ke zuwa hanta ya rage mata haɗa kitse. A 2018 aka ga wani abin mamaki a Boston: kitsen da aikinsa ya yi rauni yana sakin mayostatin, furotin da ke taƙaita girman tsoka, ɓeran kuma sai ya kasa gudu kamar da. Wasu ba sa nisa, aikinsu a gida ne: NGF na janyo jijiyoyin saƙo su tsiro cikin kitsen, VEGF-A na ƙara masa hanyoyin jini, CXCL14 na kiran ƙwayoyin garkuwa. A 2019 ƙungiyar Camilla Scheele a Copenhagen ta tace ruwan da ƙwayoyin kitsen mutum suka zauna a ciki, ta samu furotin 101 da masu ruwan ƙasa kaɗai suka fitar, ciki har da EPDR1.

A ganina nan ne ya kamata a taka a hankali, domin yawan sunaye ba shi ne yawan hujja ba. Kusan kowane ɗaya daga cikinsu wata gaɓar ma tana yin sa, sau da yawa fiye da kitsen. A 2014 an nuna cewa FGF21 da ke yawo a jinin ɓera akasari daga hanta yake. Mayostatin tsoka ce babbar mai yin sa, IL-6 kuwa ƙwayoyin garkuwa da tsoka mai motsi duk suna zubo shi. Sannan ɓeran gwaji a ɗaki mai zafin digiri 22 ake ajiye shi, alhali sai wajen 30 yake sakewa, don haka kitsensa kullum a bakin aiki yake. Da masu bincike a Stockholm suka mayar da ɓerayen nan marasa UCP1 ɗaki mai ɗumi a 2009, sai ga shi sun yi ƙiba, abin da ya rage wa tsohuwar hujjar 1997 kaifi. Mutum kuwa yana da riga da bargo, kitsen nasa kaɗan ne a kan girman jikinsa, yana kuma raguwa da shekaru.

A ɓangaren mutane, bincike mafi girma shi ne na Jami'ar Rockefeller a 2021, inda aka duba hotunan majinyata sama da 52,000. Kusan ɗaya cikin goma aka ga kitsen a jikinsu. A cikin waɗannan, kashi 4.6 cikin ɗari ke da ciwon sukari nau'i na biyu, a sauran kuwa kashi 9.5. Alaƙa ce aka gani, ba a auna furotin ko ɗaya ba. Ƙoƙarin tayar da kitsen da magani ma ya ci karo da cikas: a 2015 Aaron Cypess ya ba samari masu lafiya miligram 200 na mirabegron, maganin mafitsara da aka saba sha miligram 50, kitsen ya kama aiki, amma bugun zuciya da hawan jini suka tashi tare da shi.