Maganin zazzaɓin kaska ba ya shiri da rana: abin da mai shan sa ya kamata ya sani

Duk mai hulɗa da shanu a kasuwar Tulaku kusa da Ashaiman a ƙasar Gana, ko wanda ya taɓa ɗaure bijimi a ƙofar gida a unguwar Nima ko Madina a Akra ana gobe Babbar Sallah, ya san kaska. Abin da ba kowa ya sani ba, cizonta na iya kawo zazzaɓi, maganin da ake bayarwa kuma, wato doksisaikilin, yana sa rana ta ƙona fata.

Wane zazzaɓi ne, wane magani kuma ake nufi?

Kaskar shanu mai zane a baya, wadda masana ke kira Amblyomma, tana ɗauke da ƙwayar cuta mai suna Rickettsia africae. Kwana 5 zuwa 10 bayan cizo sai zazzaɓi ya taso, da ciwon kai, da ciwon jiki, da kaluluwa. Wurin cizon yakan yi baƙin ɓawo kamar ƙunar sigari. Da yake alamomin sun yi kama da na maleriya, sai an gwada jini tukuna. Idan likita ya gamsu kaska ce, doksisaikilin zai rubuta, yawanci miligiram 100 safe da yamma na kamar mako guda. Shi ake bayarwa a Amurka da Turai ma don cutar Layim, wadda wata kaskar daban ke yaɗawa.

To ina ruwan ƙwayar magani da rana?

Maganin ba a ciki yake tsayawa ba, jini yana kai shi har fata. A hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, ana ce masa UVA. Idan ya sami maganin a cikin fata sai maganin ya zuƙe shi, ya saki wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halittar wurin. Wanda ya saba yini a rana ba ya jin komai, yanzu cikin sa'a ɗaya ko biyu sai ya ji raɗaɗi a hanci, da leɓe, da bayan hannu, da ƙeya, kamar an goga masa barkono. Iyakar ƙunar iyakar inda riga ba ta rufe ba, kuma da wannan ake gane ta. Ba kowa take kamawa ba. Yawan maganin da daɗewa a rana su ke ƙara ta.

Zafi ne ke jawo ta ko haske?

Haske ne. Nan mutane suka fi ruɗewa. Mai tuyar ƙosai da asuba ko mai tsire da ke gaban wuta da dare za su yi zufa, amma wutar ba za ta tayar musu da wannan ƙuna ba. Direban tiro-tiro kuwa da ya rufe gilashi yana ganin ya tsira, bai tsira ba, domin UVA yana ratsa gilashin gefe na mota. Yana ratsa gajimare, hazon hunturu ma ba ya tare shi duka. Akra kuma tana daf da tsakiyar duniya, rana ba ta yin sanyi a kowane wata.

Zafi yana da nasa laifin ta wata hanya. Mai zazzaɓi ruwan jikinsa na ƙarewa, maganin kuma yakan tayar da zuciya ko ya sa gudawa, don haka jiri da kasala suna saurin kama shi. A sha ruwa sosai. Kada kuma a bar ƙwayar a gaban mota ko a aljihun da rana ke duka, zafi yana lalata magani.

Mu da muke baƙaƙe ma?

Baƙar fata tana da kariya fiye da fara, wannan gaskiya ne, shi ya sa abin ya fi tsanani ga Turawa. Amma kariya ce, ba sulke ba. A jikinmu ja ba ya fitowa fili, sai mutum ya ji raɗaɗi ya duba madubi bai ga komai ba, ya ci gaba da harkarsa. Bayan kwanaki wurin ya yi saɓa, ya bar baƙin tabo da kan yi watanni.

Waɗanda na fi ji wa tsoro su ne zabiya da masu shafa man bilicin. Hukumar abinci da magunguna ta Gana ta hana shigo da man da ke da sinadarin bilicin mai suna haidirokwinon tun 2016, amma kowa ya san bai ɓace daga kasuwa ba. Hajiya, in kina shafawa, ki faɗa wa likita ba tare da kunya ba, domin kin riga kin rage wa fatarki garkuwarta.

Abincina a rana yake, yaya zan yi?

Ba wanda zai ce dillalin shanu ko mai talla a kasuwar Makola ya zauna a ɗaki mako guda. Abin yi shi ne rufe jiki: riga mai dogon hannu mai kauri, malafa maimakon hula, laima in da hali. Hijabi yana rufe wuya da kunne, amma fuska da bayan hannu suna waje. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a nemi inuwa gwargwadon iko. Akwai man kare rana a manyan kantunan magani, a duba mai lamba 30 ko fiye wanda aka rubuta yana tare UVA, a sake shafawa duk bayan sa'a biyu da bayan alwala. Man kaɗanya yana gyara fata, amma ba zai yi wannan aikin ba.

In na fara jin raɗaɗi, in daina sha?

Kada ka yanke wa kanka wannan hukunci, Malam. Raɗaɗi kaɗan ana maganinsa da inuwa da tsumma mai sanyi, a ƙarasa kwanakin. Kada kuma mai kantin magani ya musanya maka da amoksisilin, ba ya kashe wannan ƙwayar cuta. Maganin siforofuloksasin kuwa shi ma yana sa rana ta ƙona fata.

Amma idan fata ta yi bororo, ko leɓe da fuska sun kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da dishi-dishin gani, a dakata da ƙwayar a tafi asibiti a ranar. Mai ciki ta sanar da likita tun kafin ya rubuta.

Da me ake sha, kuma yaya mai azumi zai yi?

Da ruwa kofi cike, a zaune ko a tsaye, kuma kada a kwanta sai bayan aƙalla rabin sa'a, don ƙwayar in ta maƙale tana yi wa maƙoshi miki. Fura da nono, da wagashi, da maganin ƙarin jini, da maganin ƙwannafi duk suna riƙe ta a hanji su rage mata ƙarfi, sai a raba su da ita da sa'a biyu zuwa uku. Mai zazzaɓi yana da rangwamen ajiye azumi. Wanda ya ji sauƙi yana ƙarasa magani kuwa, sahur da buɗa-baki sun yi kusa da tazarar sa'a 12 da ake so. Matsalar ita ce komawa barci da an gama sahur, gara a jira sallar asuba a zaune.

Yaushe zan koma rana kamar da?

Maganin yana daɗewa a jiki, rabinsa ma sai ya kusa kwana guda kafin ya fita. A ci gaba da rufe jiki na wasu kwanaki bayan ƙwayar ƙarshe, mako guda ya fi kwanciyar hankali. Wani lokaci kuma, makonni bayan an manta da zancen, sai farce ya fara rabuwa da naman yatsa daga baki. Shi ma aikin rana da maganin ne. A yanke shi gajere, a tsare shi daga datti, sabo zai tsiro a hankali cikin watanni.