Ba yawan asid ke hanzarta aiki ba, kaurinsa ne

Ɗaliban kimiyya da yawa a makarantun sakandaren Kaduna sun ɗauka idan aka tuttula asid mai yawa, haɗin sinadarai zai fi sauri. Ba haka ba ne, kuma kuskuren yana jawo asarar maki a banza.

A jefa ɗan zirin ƙarfen magnesiyam cikin asid mililita 50, a jefa irinsa cikin mililita 100 mai kauri ɗaya, wato an sirka su da ruwa daidai wa daida. Muddin ruwan ya rufe su, kumfar iskar haidurojin za ta fara tashi da sauri ɗaya. Amma a kawo asid da ba a sirka shi sosai ba, nan take zirin zai hau tafasa yana shuu, kwalbar ta ɗau ɗumi.

Dalili kuwa, sai ƙwayoyin sinadarai sun yi karo da isasshen ƙarfi kafin su sauya. Kauri shi ne yawansu a kowace lita. Dubi Kasuwar Barci ana jajibirin Sallah: cunkoso ke sa a yi ta gogar kafaɗa, ba faɗin kasuwar ba.

Ninka kauri ma ba kullum yake ninka sauri ba. Wani haɗin sau 4 yake ƙaruwa, wani ko gezau. Gwaji kaɗai ke tantancewa.