Beli ba sallama ba ne: yadda shari'ar almundahana ke tafiya a kotu

"Wagga magana ta mutu, ga shi can gida yana shan hura." Haka wani dattijo ya ce a teburin mai shayi a Runjin Sambo, da aka ji a rediyo cewa an ba wani babban jami'i beli. Kowa ya gyaɗa kai. Amma a doka, ranar da aka ba da beli ko shaida ɗaya ba a kira ba tukuna.

Idan hukumar yaƙi da cin hanci, EFCC ko ICPC, ta gama bincike, sai ta shigar da takardar tuhuma. Laifin halasta kuɗin haram Babbar Kotun Tarayya ake kai shi, muna kuwa da ita a nan Sakkwato. Cin amana da karkatar da dukiyar jiha, Babbar Kotun Jiha na iya sauraronsu. Ranar gurfanarwa mutum zai shiga akwati, magatakarda ya karanta masa tuhume-tuhumen ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ce ya amsa ko bai amsa ba. Daga nan lauyansa ya nemi beli. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce kowa marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, shi ya sa alƙali kan bayar, da sharuɗɗa: a ajiye fasfo, a kawo masu tsaya masa da ke da gida ko fili. In ya gudu, su za a riƙe.

Nauyin hujja a wuyan masu gabatar da ƙara yake. Su za su kawo ma'aikacin banki da tulin takardun asusu, ya nuna ranar da kuɗi suka fita da inda suka sauka, sannan lauyan wanda ake tuhuma ya tashi ya yi masa tambayoyin ƙure. Takarda ɗaya da ba a tantance ta yadda Dokar Shaida ta tanada ba, sai a ƙi karɓarta, ko da duk gari ya san gaskiya ce. Nan ne shari'o'i da yawa ke karyewa. In masu gabatar da ƙara sun gama, wanda ake tuhuma na iya cewa babu abin da zai kare kansa a kai. Alƙali ya yarda, an sallame shi. Bai yarda ba, ya kawo nasa shaidun. Bayan jawabin ƙarshe na lauyoyi, alƙali na da kwana 90 ya yanke hukunci.

To me ke sa abin ya yi ta jan ƙafa? Shari'ar tsohon gwamna Attahiru Bafarawa a Babbar Kotun Jihar Sakkwato ta faro a 2009, sai 2018 kotu ta sallame shi ta wanke shi. Ta tsohon gwamna Joshua Dariye na Filato ta faro a 2007, domin sai da ya sauka daga mulki rigar kariyar sashe na 308 na tsarin mulki ta fita daga jikinsa, hukunci kuma sai 2018. A shari'ar Dariye, shekaru da dama sun tafi wajen ɗaukaka ƙara kan ko kotun na da hurumi.

Wannan ƙofa ce dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wato ACJA, ta zo rufewa. Sashenta na 306 ya hana dakatar da shari'ar laifi don wani ya ɗaukaka ƙara. Sashe na 396 ya ce a riƙa zama kullum; in bai yiwu ba, kowane ɓangare ɗage zama biyar kawai yake da shi, tazarar kada ta wuce ranakun aiki 14. A takarda ke nan. Wanda ya taɓa zama a benci ya ji an ce shaida bai samu zuwa ba, a dawo bayan hutun kotu, ya san sauran.

Dokar ma ta yi tuntuɓe. Ta ba alƙalin da aka ɗaga zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara damar dawowa ya ƙarasa shari'ar da ya faro. Da wannan aka yanke wa tsohon gwamnan Abiya Orji Uzor Kalu ɗaurin shekara 12 a Disambar 2019. A watan Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta ce tanadin ya saɓa wa tsarin mulki, ta rushe hukuncin, ta ce a sake shari'ar daga farko.